Sha Biyu a Nan, Talatin da Shida a Can

Innata ba ta yi boko ba, amma ta san lamba. Shekarun da ta yi tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Jibiya ne suka koya mata, wayar hannu kuma ta zo ta ƙarasa. In ka nuna mata takarda, rubutun duk tafiyar tururuwa ne a idonta, amma lambobin sai su fito mata ɓaro-ɓaro. Na daɗe ina alfahari da wannan a gaban ƙawayena, ban san shi ne zai kusa raba ta da ƙafarta ba.

Ƙaya ce ta fara jawo abin. Ta je suna Farfaru, ta cire takalmi za ta yi alwala, ta taka. Mai ciwon suga ce, kuma an sha gaya mata ta riƙa duba ƙafarta, amma Inna ba ta ɗauki ƙaya a bakin komai ba. Tun rasuwar babanmu take zaune a gidansa, ni kuwa ina aure a bayan layinsu, kusan kullum sai na leƙa in na taso daga makarantar da nake koyarwa. Duk da haka ta iya ɓoye mini. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗar sunana, ba ta kuma kai mini kuka. Tun da na fara koyarwa ta samu mafita, take ce mini Malama, rabi girmamawa rabi tsiya. Sai da na ga tana dafa bango kafin ta kai bakin murhu na tsare ta ta kwance tsumman. Gefen ƙafar ya kumbura yana ƙyalli, ƙaramin yatsan kuma har ya fara wari.

A wani asibiti a Katsina aka kwantar da ita. Likitar mace ce, siririya, mai magana a hankali kamar tana tsoron kalmomin su zube. Cikin gwaje-gwajen da ta rubuta akwai wani mai haruffa uku, CRP. Ni ba na iya karɓar takarda in yi shiru, don haka na tambaye ta mene ne shi.

Ta ce hanta ce ke sakin wani sinadari cikin jini duk lokacin da jiki yake faɗa da wani abu, ko ƙwayar cuta, ko kumburi, ko rauni. Mai lafiya ɗan kaɗan ne a jininsa. “Kamar hayaƙi ne,” in ji ta. “Yana gaya miki akwai wuta, amma ba ya gaya miki ɗakin da take ci. Zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi. A nan dai mun ga wutar da idonmu, ga ta a ƙafa. Amfaninsa gare mu shi ne yana hawa da sauri, yana kuma sauka da sauri in magani ya kama.”

“To na Inna nawa ne?”

“A takardarmu, in bai kai ɗaya ba, lafiya lau. Na Mama sha biyu ne.”

Inna tana kwance ta juya fuska bango kamar mai barci. Ashe kunnenta yana wurinmu. Ta ji sha biyu, ta kuma ji abin da likitar ta ƙara ranar sallama, bayan an gama allurai an koma ƙwayoyi da wankin ciwo: za a dawo a sake awon, in ya sauka alhamdulillahi, in kuwa ya hau sai a yi maganar aiki. Babu wanda ya fassara wa Inna abin da ake nufi da aiki. A ɗakin da ta kwanta akwai wata tsohuwa da aka yi wa, zanenta yana kwance shafal daga gwiwa zuwa ƙasa.

Muna dawowa gida sai ga Kawu daga Maraɗi. Ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, don Inna can aka haife ta, aure ne ya ƙetaro da ita. Mutumin kirki ne, ba na hana shi wannan, kuma yana son yayarsa kamar ransa. Amma a wurin Kawu ko ruwan sama in a Nijar ya sauka ya fi namu jiƙa ƙasa. Ya zauna ya kalli ƙafar, ya kalli ledar magungunan, ya girgiza kai.

“Yaya, ki tashi mu tahi gida. Can ad da lokotoro na ƙwarai. Wanga asibiti naku mi sunka sani ban da yanka?”

Na ce, “Kawu, tana kan magani, kuma an ba mu ranar komawa.”

“Ɗiyata, ba mu ƙi naku ba. Ta huta kwana biyu, a yi mata analiz, awon jini irin namu, mu gani. Ido biyu ya hi ɗaya.”

Na dubi Inna ina jiran ta ƙi. Sai ta ce, “Malama, ɗan'uwana na. Ina dawowa kahin ranar.” Raina ya ɓaci, na kuma nuna. Na ƙulle mata ƙwayoyin a bakin mayafi da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata, na raka su bakin mota ban ce a sauka lafiya ba sai da motar ta tashi.

Da farko muna waya kullum. Daga baya sai in kira matar Kawu ta ɗauka, ta ce tana salla, ko tana barci, ko ta shiga wanka. Ranar komawa asibiti ta matso, babu Inna babu dalilinta. Da na matsa, Kawu ya turo mini hoton wata takarda da Faransanci, ya biyo da saƙon murya, muryarsa a sanyaye, ba irin wadda na sani ba.

“Ɗiyata, mun ɓoye miki don kada hankalinki shi tashi. Tun zuwanta munka yi analiz. Se-er-pe ɗin nan talatin da shidda ya kai. Ita da kanta ta gani. Na ce mu kai ma lokotoro takardar, ta ƙiya. Maganin naku ma ta bar sha, ta ce shi ka ƙara wutar.”

Na buɗe hoton a ofishin malamai. Ban iya Faransanci ba, amma ga haruffan nan uku, ga talatin da shida a gabansu. Ɗan aji biyu ya san talatin da shida ya ninka sha biyu sau uku. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fito da gawar babanmu. Na kira, na ce ko a ba ta wayar ko in taho yanzu. Aka ba ta.

“Malama, kada ki wahalshe da kanki,” in ji ta. “Ni ba ni komawa. Da ƙahwa biyu niz zo duniya, da biyu za ni koma. Nan gidan ubana na, nan za ni jira. Kaskon suyata ki ba maƙwabciyata, ta daɗe tana so nai.”

Maganar kaskon ce ta karya ni. Inna ba ta ara wa kowa wannan kaskon, ko ni sai na yi rantsuwa.

Washegari na ɗauki izini na tafi Katsina da takardar farko a jaka da hoton a waya. Na je ne in tambayi likitar ko akwai wata hanya ban da yanka, don in samu abin da zan lallashi Inna da shi. Ta karɓi wayar, ta buɗe hoton da yatsu biyu, ta duba, ta jawo takardarsu ta ajiye a gefe. Sai na ga tana murmushi. Na ji kamar in fizge wayata.

Ta ce, “Malama, zo ki ga wani abu. Karanta mini abin da ke bayan sha biyu.”

Wasu ƙananan haruffa ne da ban taɓa kula da su ba: mg/dL.

“Na bayan talatin da shida fa?”

Na duba: mg/l. Harafi ɗaya ne babu, d.

Ta ce wannan harafin ma'auni ne. Ɗakin gwajinsu yana faɗin abin da ke cikin kashi ɗaya bisa goma na lita, na Maraɗi kuma yana faɗin abin da ke cikin lita guda cur. Sha biyunmu, in aka auna da ma'auninsu, ɗari da ashirin ne. Talatin da shidansu, a namu, bai kai huɗu ba. Ta nuna mini gefen takardun biyu, inda kowa ya rubuta iyakar mai lafiya: tamu ta ce ƙasa da ɗaya, tasu ta ce ƙasa da goma. Ta ce wasu wuraren ma biyar suke sawa, shi ya sa ba a karanta lambar ita kaɗai, sai an haɗa da ma'auninta da iyakar da aka rubuta kusa da ita. Ashe maganin yana aiki. Wutar mutuwa take yi lokacin da Inna ta ga lambar ta yanke ƙauna.

Na fashe da dariya, hawaye na zuba. Likitar kuwa ta daina murmushi, don ta kai ga kwanan watan da ke jikin takardar, na kuma gaya mata an bar shan magani tun lokacin.

“Wannan lambar ta ranar da aka ɗebi jinin ce,” in ji ta. “Ta yau ban san ta ba. Kuma ko da na sani, takarda ba ta ganin ƙafa. Ki je ki ɗauko ta.”

Da sassafe na kama hanyar Magama, bakin iyaka. Tun ina ƙarama nake bin wannan hanyar, a bayan Inna da farko, daga baya a gefenta, amma ban taɓa kallon wurin kamar ranar ba. Manyan motoci sun yi layi, direbobi suna shan shayi a ƙarƙashinsu. 'Yan canji suna kaɗa hannu, 'yan acaɓa suna kiran Ɗan Isa, Ɗan Isa. Matar da ke kusa da ni a mota ta ciro layin wayarta ta sa na can ba tare da ta ko duba ba. Mu mutanen bakin iyaka babu abin da ba mu sani ba game da canji. Mun san kuɗi yana sake suna a nan. Mun san in ɗan can ya ce zai je likita, asibiti yake nufi, mutumin kuma lokotoro ne. Babu mai sayen hatsi a ƙetare bai fara tambayar girman tiyar ba. Amma ni da Inna da Kawu, mu uku, babu wanda ya kawo a ransa cewa jini ma yana da ma'aunin nan da na can. Mun ɗauka abin da ya fito daga jikin mutum gaskiyarsa ɗaya ce ko'ina, ko da wane harshe aka rubuta ta. Har yanzu ina ganin ba wauta ba ce mutum ya yi wannan zaton. Sai dai ba haka abin yake ba.

Jandarman da ya duba katina ya tambayi inda za ni. Na ce za ni ɗauko uwata. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ban ma ce masa ba ta da lafiya ba.

Na same ta a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafar a kan matashi, an shafe ta da wani baƙin haɗi an naɗe. Ta rame. Amma da yake hannunta bai iya zaman banza ba, ga faifai a cinyarta tana tsintar shinkafa. Kawu yana kan kujera a gefe, ya kasa haɗa ido da ni. Na gaishe su yadda ya kamata, na sha ruwa, sannan na ce lambar ba hawa ta yi ba, sauka ta yi.

Inna ba ta ɗago ba. “Kun gama baki da likitarki. Ni na ga talatin da shidda da idona.”

Na yi bayanin harafin. Na nuna wa Kawu a waya, ya sa tabarau ya duba, ya ce lalle akwai d a nan babu a can, amma shi bai ga yadda harafi guda zai rage ciwo ba. Na ji zuciyata tana tafasa. Na tuna ba a aji nake ba, na haɗiye. Na jawo gwangwanin awo da ke cikin kwanon shinkafar na cika shi.

“Inna, in kika tsinci tsakuwa sha biyu cikin gwangwanin ga guda, nawa za ki samu cikin gwangwani goma?”

“Ɗari da ashirin,” ta faɗa tun ban rufe baki ba. “Kuma ba ni ƙara sayen shinkahwa wurin mai ita.”

“To mutanen Katsina gwangwani guda suka tsince, suka samu sha biyu. Na nan gwangwani goma suka tsince gaba ɗaya, suka samu talatin da shidda.”

Hannunta ya tsaya cikin faifan. Na ga leɓenta yana motsi, tana lissafi. Kawu ne ya fara magana, a hankali, “Innalillahi. Ashe sauƙi na anka rubuta muna, munka yi ta kuka.”

Inna ta ce, “To mi ya hana su hwaɗi haka?”

Na ce sun faɗa, a gefen takardar, da ƙananan haruffa. Mu ne muka tsaya a kan manya.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara neman mayafinta da ido. Sai ta ajiye faifan, ta sunkuya ta kwance tsumman da kanta. Kumburin gefen ƙafar ya dawo. Ƙaramin yatsan kuwa ya yi baƙi ƙirin, kuma ba haɗin da aka shafa ba ne. Ta dube shi, ta dube ni. Rabon da Inna ta kalle ni cikin ido haka har na manta.

“Malama, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaya mini gaskiya. In na koma, za su yanke?”

Duk hanya na zo da ƙaryata a shirye. Na yi niyyar in ce mata ko ƙwarzane ba za a yi ba, in dai ta shiga mota, sauran a ji da shi a Katsina. Amma matar nan ta gama lissafin gwangwani goma a ka, ba yarinya ba ce da zan yi wa wayo. Na ce ban sani ba. Na ce likitar ma ta ce ba ta sani ba sai ta gani. Na ce abin da na sani kawai, maganin da ta bari yana cin wutar, kuma in ta zauna a nan ba yatsa kaɗai za ta rasa ba. Sai kuka ya ƙwace mini, na ce mata ni ban shirya zama marainiya gaba da baya ba saboda harafi guda.

Ta kau da kai, don ba ta iya kallon kukana. Can ta ce wa Kawu, “Tashi ka tada mota.”

Da aka sake awon a Katsina lambar ta hau kan ta Maraɗi, ko da yake ba ta koma inda ta fara ba. Wannan karon da kaina na duba haruffan kafin in bar zuciyata ta buga. Aka koma allurai. Kumburin ya fara sacewa, lambar tana bin sa a baya, amma yatsan ya riga ya mutu. Likitar ta zauna bakin gadon ta gaya wa Inna da bakinta: ƙafar za ta tsira, ƙaramin yatsan ne ba zai tsira ba. Na sha tambayar kaina ko da ba a yi wancan zaman na Maraɗi ba da yatsan yana nan. Na tambayi likitar ma, ta ce ba za ta iya rantsuwa ba ko ta wane ɓangare. Na bar maganar a nan, don Kawu ya riga ya hukunta kansa fiye da yadda zan iya. Bai koma gida ba, a barandar asibitin ya tare, shagonsa na Maraɗi a rufe.

Bayan an fito da ita daga ɗakin tiyata ta farfaɗo, wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo ɗan ƙulli cikin farin ƙyalle, ta ce a ba namiji ya kai maƙabarta. Kawu ya karɓa da hannu biyu. Abin bai fi ƙwayar dabino ba, amma ya riƙe shi kamar zai fi ƙarfinsa. Ya matso bakin gadon, idonsa jawur.

“Yaya, in tahi da shi gida? In sa shi wajen iyayenmu.”

Ta kalli ƙafarta da ke naɗe cikin bandeji, ta ɗan motsa sauran yatsun huɗu, ta tabbatar suna nan.

“A'a,” in ji ta. “Kai shi Jibiya, wajen uban yaran ga. Shi riƙe wannan tukuna. Sauran sai ya jira.”